Zamiyar dare a kan dusar ƙanƙara: jagora ga ɗan Zango da zai je hutu tsaunukan Turai

Tun da na dawo Nima, unguwarmu a Accra, daga hutun da na yi a wajen yayana a Suwizalan, duk wanda na nuna wa ɗan bidiyon zamiyata a waya sai ya yi mini tambaya biyu: ban ji tsoro ba, kuma shi ma idan Allah ya kai shi ta ina zai fara? Tsoro kam na ji. Amma a cikin duk abin da na gani a ƙasar nan, babu wanda ya zauna mini a rai kamar daren da na gangaro daga Preda zuwa Bergün a kan ɗan keken katako, fitilu suna haska hanya, itatuwa sun yi fari fat, jirgin ƙasa yana ratsa gada a saman kaina tagoginsa duk a haske. Ina so 'yan'uwa da ke zuwa Turai hutu ko ziyarar dangi su ɗanɗana wannan, su kuma dawo gida da ƙafafunsu lafiya.

Abin da ake hawa ɗan benci ne na katako, tsayinsa bai kai gwiwa ba, yana zaune a kan dogayen ƙafafu biyu masu lanƙwasa ta gaba, an shimfiɗa musu ƙarfe a ƙarƙashi, sai igiya ɗaya da ake riƙewa. Ni keken zamiya nake ce masa. Ba shi da inji, ba shi da sitiyari, ba shi da birki. Birkinka ƙafarka ce. Kuma a gangare mai kyau yana iya yin gudun babur, kilomita 40 a awa ko fiye. Yaron da aka haifa a can tun yana shekara uku jikinsa ya san wannan abu. Mu kuwa iyakar saninmu zamiyar da muka yi muna yara a kan kwali ko yankakkiyar jarka, wadda tudun da kansa yake tsayar da kai. Shi ya sa duk jagoran nan ya rataya a kan abu ɗaya: ka koyi tsayawa da rana kafin ka nemi gudu da dare.

Takardu tukuna

Suwizalan da Ostiriya duk bizar Shengen ake shiga da ita. Ana iya miƙa takardu tun saura wata 6 tafiya, kuɗin babba yuro 90 ne, fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka baro can. Dole ne ka nuna inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. A nan ne mutanenmu suke yin sake: a sayi mafi arha don kawai a cika sharaɗin biza. Ka zauna ka karanta takardar, ko ka tambayi mai sayarwa kai tsaye, shin ta haɗa da wasannin ƙanƙara da ɗauko mutum daga kan dutse? Idan ka karye a tsakiyar daji, wani lokaci jirgi mai saukar ungulu ne zai ɗauke ka, kuma in aka juya kuɗinsa zuwa sidi zai iya cinye jarin shago. Ƙarin da za ka biya don a sa wannan a ciki bai taka kara ya karya ba.

Lokacin abin daga tsakiyar Disamba ne zuwa Maris, gwargwadon saukar ƙanƙara. Ƙarshen Disamba da watan Fabrairu akwai cunkoso saboda hutun makarantu, masauki ma ya yi tsada. In da zaɓi, tsakiyar Janairu ya fi.

Wace hanya za ka zaɓa

Ba kowane gangare ake hawa ba. Akwai hanyoyin da aka keɓe, ake gyara su kullum, wasu kuma aka sa musu fitilu. A allunan Ostiriya da Jamus za ka ga Rodelbahn, a Suwizalan Schlittelweg ko Schlittelbahn. In ka ga kalmar Nacht a gaba, na dare ke nan.

Wadda na hau, kuma nake ba wa sabon shiga shawara, ita ce ta Preda zuwa Bergün a yankin Graubünden. Asalinta titin mota ne da ake rufewa in sanyi ya shigo, don haka tana da faɗi, gangarenta kuma ba na fitar hankali ba ne. Tsawonta kilomita 6. Daga Zurik ka hau jirgin ƙasa zuwa Chur, ka canza zuwa jan jirgin nan mai zuwa St. Moritz, ka sauka a Bergün. Nan za ka yi hayar keke, ka sake hawa jirgi ya kai ka Preda, wajen mita 1,800 sama da teku, wato ninki biyu na dutsen Afajato da muke taƙama da shi. Hawan kansa abin kallo ne: jirgin yana kewaya cikin dutse kamar dodon koɗi, ya yi tafiyar kilomita 12 da ɗoriya don ya hau mita 400 da 'yan kai. Tun 2008 hukumar UNESCO ta sa wannan layin dogo cikin kayan tarihin duniya. A garin akwai wata hanyar ta biyu, Darlux, mai tsananin gangare. Ka bar wa masu ita.

A Ostiriya kuwa akwai ta Wildkogel da ke sauka Bramberg a jihar Salzburg, kilomita 14, da fitila tun daga sama har ƙasa. Doguwa ce ƙwarai, cinya da hannu suna gajiya, kuma gajiyayye shi ne yake kasa taka birki. In can hanyarka ta bi, ka fara daga tashar tsakiya ta motar igiya mai hawa da mutane kan dutse. A Grindelwald ta Suwizalan ma ana zamiyar dare a ƙarƙashin dutsen Eiger.

Duk inda ka zaɓa, ranar da za ka je ka duba shafinsu na intanet ko ka tambayi mai masauki abu uku: yau a buɗe take, yau ana kunna fitila, kuma ƙarfe nawa jirgi ko motar igiya ta ƙarshe take tashi. Ba kowane dare ake kunna wuta ba.

Tufafi, tun daga Kantamanto

Sanyin da muka sani hunturu ne, wanda in ya yi tsanani a Accra mutum ya ɗora suwaita ya sha koko mai zafi, shi ke nan. A kan dutse da dare ana iya sauka digiri 10 ƙasa da sifili, ga iskar gudu tana yankar fuska. Amma ba sai ka kashe kuɗin Turai ba. Rabin kayan da na sa a kasuwar Kantamanto ta Accra na tsince su cikin gwanjo, domin masu dila ba sa samun mai sayen rigunan ƙanƙara a garin zafi, sai su sake su da arha. Na Kumasi su leƙa Kejetia.

Hawa uku ake sawa. Na jikin fata ya zama na ulu ko na roba irin na 'yan ƙwallo, riga da dogon wando masu kama jiki. Kada ya zama auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe, in ka zauna cikin jirgi ko ka tsaya hutawa sai ta koma kamar an ɗora maka jiƙaƙƙen tsumma a baya. Na tsakiya suwaita mai kauri. Na waje jaket da wando waɗanda ruwa ba ya ratsawa. Wandon jins ba ya aiki ko kaɗan: ƙanƙarar da ƙafarka take tayarwa a kansa take sauka, ya jiƙe, ya daskare.

Takalmi shi ne babba, tunda shi ne birki. Mai dogon wuya da ya rufe idon sawu, mai taurin ƙasa da manyan haƙora, wanda ruwa ba ya shiga. Kambas bai dace ba, sulɓi zai yi ta yi. Ka saukar da ƙafar wando a kan wuyan takalmin ka ɗaure, in ba haka ba ƙanƙara za ta cika maka safa tun kwanar farko. Safa ɗaya mai kauri ta fi biyu da za su matse yatsu su hana jini gudu.

Sai safar hannu mai kauri, hular kwano, da tabaran ƙanƙara. Waɗannan biyun na ƙarshe a can za ka yi haya tare da keken. Ka ce a ba ka tabarau mai farin gilashi, domin mai duhun na rana ne, da dare ba za ka ga rami ba. Hular kwano kuwa, ko ka ga 'yan gari suna tafiya babu ita, kai ka sa. Ka sayi tocilan ta goshi ko da hanyar tana da fitila, saboda tsakanin fitila da fitila akwai duhu.

Duk abin da yake reto a bar shi a masauki: jallabiya, dogon rawani, gyale mai jan ƙasa. In ya shiga ƙarƙashin ƙarfen keke, wuya zai ja. Matar yayana ɗan ƙaramin hijabi mai kama kai take sawa, ba allura ko ɗaya, ta tura sauran cikin jaket ta ja zif har haɓa, sannan ta ɗora hular kwano. Ta rufu ruf, kuma babu abin da zai maƙale.

Ka tafi da man kaɗanya daga gida. Iskar can busasshiya ce kamar ta hunturu, leɓe da kumatu suna tsagewa. Waya kuma a aljihun ciki kusa da jiki, don sanyi yana zuƙe batir cikin ɗan lokaci.

Darasin rana

Ranar da muka isa Bergün na so mu jira dare kawai. Yaya ya ce, "A'a ƙanena, baƙo ko da ido makaho ne. Sai ka ga hanyar nan da rana sau biyu." Na gode Allah da na ji maganarsa.

A shagon haya keke iri biyu ne. Akwai na gargajiya mai sandunan katako, wanda ake kira da sunan garin Davos, inda aka yi gasar zamiya tun 1883. Yana da kyan gani amma ƙafafunsa a kafe suke, juya shi sai da ƙarfi. Akwai kuma wanda suke ce wa Rodel, mai mazaunin tamfol, ƙafafunsa suna ɗan motsi, yana jin igiya. Shi za ka nema. Ka gaya wa mai shagon gaskiya cewa yau ne farkonka, zai nuna maka a tsaye.

Zama: ka zauna can baya, fuska gaba, ƙafafu a miƙe gefen ƙafafun keken, igiya a hannu. Kada ka taɓa kwanciya rub da ciki kai a gaba.

Yanzu birki. Abin da jiki zai ba ka shi ne ka kafa dunduniya. Haka na yi a gangaren farko, nan take ƙanƙara ta taso ta rufe mini tabarau, na daina ganin komai, dunduniyar hagu ta ci karo da wani tauri, keken ya juya, na tsinci kaina kwance a gefen hanya. Allah ya sa wurin da taushi. Yadda ake yi shi ne ka lanƙwasa gwiwa, ka dasa tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, duka biyun, dab da jikin keken, ka danna kamar mai taka tabarmar da iska ke son ɗauka. In kana son tsayawa nan take, ka bar ƙafafun a ƙasa, ka matsa baya, ka kama ƙahonnin keken na gaba da hannu biyu ka ɗaga sama da ƙarfi. Gindin ƙarfen zai nutse cikin ƙanƙara ya ci birki. Ka maimaita wannan sau goma a wuri mai sauƙi har hannu ya riƙa yi ba tare da ka yi tunani ba, domin da dare in wani ya faɗi a gabanka babu lokacin tunani.

Juyawa ta fi sauƙi. Za ka yi dama, ka sa ƙafar dama a ƙasa, ka karkata jiki dama. Za ka yi hagu, ka sa ta hagu. Idonka ya kalli inda kake son zuwa, kada ya kafe a kan bishiyar da kake tsoro, don inda ido ya tsaya nan keke yake nufa. Kuma a rage gudu kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban trotro ana gangarowa daga Aburi ya san direban kirki tun kafin kwana yake taka birki. Wanda ya bari sai ya shiga, shi ne fasinja suke yi wa salati.

A zagayen rana ka riƙa lura: ina kwanoni masu tsanani, ina aka jingina katako ko katifa a gefe, ina hanya ta bi ƙarƙashin gada, ina ƙanƙarar take ƙyalli. Mai ƙyallin nan ta daskare ta zama kamar gilashi, ƙafa ba ta kama ta. Da dare irin wuraren nan ƙaruwa suke yi, saboda abin da rana ta narkar yana sake daskarewa, hanyar kuma ta fi gudu. Wanda ya sauka da azahar ya ce ai da sauƙi, da dare wata hanya daban zai tarar.

Salla da abinci kafin a hau

A Disamba da Janairu rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 4 da rabi da 5 da rabi, isha kuma ta shiga wajen 6 da rabi zuwa 7. Mu da muka saba magariba ƙarfe 6 duk shekara, abin yana rikita mu, la'asar takan kuɓuce in ba a sa ido ba. Mu dai mun yi alwala a masauki da ruwan ɗumi, muka yi magariba, muka jira isha muka sallace ta, sannan muka fita hankali kwance. Ka goge fuska da gemu su bushe sarai kafin ka fita.

Wurare da yawa suna haɗa tikitin zamiyar dare da cin abinci a wata bukka a kan dutse. A yi hattara. Abincin da Suwizalan take alfahari da shi, fondue, narkakken cuku ne da ake tsoma burodi, amma da giya ake dama shi. Wasu gidajen suna yin marar giya in an gaya musu da wuri. Abin sha mai tururi da za ka ga kowa ya riƙe, Glühwein, giya ce aka dafa da kayan ƙamshi. Jagertee na Ostiriya sunansa shayi, cikinsa barasa. Ka nemi shayi zalla, ko koko na cakulan, ko Kinderpunsch da ake yi wa yara. In ka ga Speck ko Schinken a jerin abinci, naman alade ne, kuma sukan barbaɗa shi har a kan dankali da miya. Tambaya ba ta da kuɗi.

Wannan batun giya ya shafe ka ko ba ka sha ba. Can wajen ƙarshen dare masu saukowa daga bukkokin nan wasunsu sun yi tatil, suna gudu ba birki. Shi ya sa na fi son a hau da wuri, a gama kafin su fito.

Saukowa

A bakin hanya ka ɗaure hular kwano, ka kunna tocila, ka sa igiyar keken a hannu yadda ba za ta suɓuce ba. Ku yi magana da abokan tafiya: wanda ya fi iyawa ya zo ƙarshe don ya tsinci wanda ya faɗi, kuma ku sa wurin da za ku jira juna. Kada mutum ya tafi shi kaɗai. Ka bar na gabanka ya yi nisa sosai kafin ka saki ƙafa.

Kada a ɗaure keke da keke a yi jerin gwano. Samari suna son haka, amma in na gaba ya juya, duk sai su hau kansa. Mutum biyu a keke ɗaya ma nauyi yana ƙaruwa, gudu ya ƙaru, tsayawa ta yi wuya. Ƙaramin yaro kuwa, a ganina, a bar shi ya more ta rana tare da babban da ya iya. Dare ba nasa ba ne a zuwan farko.

Zagayen farko ka yi shi a hankali, ƙafa tana shafar ƙasa kusan ko'ina. Duk mai son wucewa ya wuce. Waya ta zauna a aljihu. Bidiyon da nake nunawa Yaya ne ya ɗauka yana tsaye a gefe, ba a kan keke ba. In kana son hoto, ka tsaya a miƙaƙƙen wuri da ake hango ka daga nesa, ka ja kekenka can gefe. Ba a tsayawa a bayan kwana.

A wani wuri tsakiyar hanya mun tsaya muka kashe tocila. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. A Nima ko ƙarfe 2 na dare akwai janareto, akwai rediyon wani, akwai mai shayi yana kaɗa kofi. Can kuwa numfashina kawai nake ji, da ƙarar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara, taurari sun sauko kamar a miƙa hannu. Sai da na yi tasbihi.

In ka faɗi, kuma da wuya ka ƙi faɗuwa, abu na farko ka tashi ka bar tsakiyar hanya kai da kekenka, sannan ka duba jikinka. Kada ka saki keken. In ya tafi shi kaɗai, ƙarfe ne da katako suke gudu cikin duhu zuwa ƙafar wani. In wani ne ya ji ciwo, mutum ɗaya ya hau sama kaɗan ta gefen hanya yana kaɗa tocila don masu zuwa su rage gudu, a lulluɓe mai ciwon da jaket, kada a ɗaga shi in yana kukan wuya ko baya. Lambar gaggawa a duk Turai 112 ce. A Suwizalan motar asibiti 144, jirgin ceto na Rega 1414. A Ostiriya masu ceton kan dutse 140. Ka adana su tun kana Accra, ka kuma riƙa lura da alamomin gefen hanya don ka iya faɗin inda kuke.

Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: shiga filin masu zamiyar sanduna, wato ski, bayan an rufe shi, ko yanke ta wata hanyar da aka gitta wa shinge. Da dare ne manyan motocin gyaran ƙanƙara suke aiki, wasu an ɗaure su da doguwar wayar ƙarfe da take miƙe a kan gangare, ba a ganinta cikin duhu.

Kana sauka ƙasa, ka duba yatsu, hanci da kunnuwa. A fatarmu cizon sanyi ba lallai ya nuna ja ba. Wurin yakan yi toka-toka, ya yi tauri, ka taɓa ba ka ji. In haka ta faru ka shiga ɗaki, ka sa hannun a hammata ko cikin ruwa mai ɗumi kaɗan. Kada ka murza, kada ka kanga a jikin hita, don fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba ka sani ba. In jin bai dawo ba, ko ƙuraje masu ruwa suka fito, sai asibiti. In kuwa komai lafiya, ka duba agogo: in da sauran jirgi ka koma Preda zagaye na biyu, in babu ka mayar da keke da hular kwano inda aka ce a ajiye, ka cire jiƙaƙƙiyar safa ka sa busasshiyar da ka ɓoye a jaka.